Wa Ya Kunna Musu Kaset?

Akwai wata magana da ta zama kamar gaisuwa a bakin 'yan bokonmu da suka haura shekara hamsin. Duk inda suka haɗu, ko wurin ɗaurin aure a Daura, ko zaman makoki a Zango, ko dandalin WhatsApp na tsofaffin ɗalibai, da zarar an ambaci fim sai wani ya yi ajiyar zuciya ya ce ai fim ya ƙare tun shekarun 1980. A lokacin ne, in ji shi, ake da Samanja da Ƙasimu Yero da Karkuzu, ake wasa mai ma'ana wanda mutum zai kalla tare da iyalinsa, kafin yaran Kannywood su zo da rawa da waƙa irin ta Indiya su ɓata tarbiyya. Sai kowa ya gyaɗa kai, a wuce zuwa zancen fansho.

Wannan magana ta daɗe tana cin karenta babu babbaka, kuma ya kamata a tare ta. Yabon da take yi wa 'yan wasan wancan zamani daidai ne, sun cancanci fiye da haka ma. Amma sauran zancen wanke kai ne. Yaran da suka kafa Kannywood ba daga Bambai aka yi jigilarsu ba. A tsakar gidajenmu suka tashi, a gaban talabijin ɗin da waɗannan masu kukan suka saya, suna kallon kaset ɗin da waɗannan masu kukan suka aiko su haya. Duk wanda yake son sanin inda rawa da waƙa suka samo asali a fim ɗin Hausa, sai ya koma falon ma'aikacin gwamnati na 1985 ya duba abin da ke cikin bidiyo.

Kafin shekarun 1980, fim abin waje ne, kuma abin maza. Gidajen silima na Kano, irin su Rex da Palace da Plaza da Eldorado da Orion da Marhaba, yawancinsu Kwarori ne suka kafa su, kuma an san su da dare da hayaƙin taba da 'yan daba a bakin ƙofa. Macen da aka gani a silima ta sayi suna, saurayin da ya cika zuwa kuma ana yi masa kallon ɗan iska. Mutumin Daura da bai yi zaman Kano ko Kaduna ko Zariya ba, abin da ya fi sani shi ne majigi, motar hukuma da takan zo ta kafa farin ƙyalle a fili ta nuna yadda ake shuka auduga ko tsabtace rijiya, kamar dai yadda aka yi da Baban Larai. Saboda haka duk da finafinan Indiya sun daɗe a silimomin Arewa, katangar gida ta tare su. Uwargida ba ta san su ba, ƙananan yara ma sai dai labari a bakin yayyensu.

Abubuwa biyu ne suka rushe wannan katanga. Na farko talabijin. Daga ƙarshen shekarun 1970 gidan NTA na Kano ya shiga nuna finafinan Indiya a kai a kai, kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu, wanda ya bi diddigin lamarin, ya ƙirga fiye da dubu da gidan ya nuna tsakanin 1977 da 2003. Gidan gwamnati ke nan, wanda 'yan boko ke shugabanta, su ke tsara abin da za a saka da lokacin da za a saka shi. Na biyu kuma, wanda ya fi na farko ƙarfi, shi ne bidiyo. Kuɗin man fetur na ƙarshen shekarun 1970 ya sa ma'aikaci mai matsakaicin albashi yana iya sayen Sony ko JVC ko National, alhazai kuma suna dawowa da su daga Jidda tare da darduma da zamzam. Kasuwar Ƙofar Wambai ta zama matattarar kaset, ana kwafa ana rarrabawa, motocin da ke bin hanyar Kazaure suna kawo su Daura, wasu su zarce ta Kongolam zuwa Damagaram. Garin da ba shi da rabo a harkar silima ya wayi gari yana kallon abin da Kano ke kallo, da tazarar kwanaki kaɗan.

Wannan shi ne babban sauyin da aka yi a wancan zamani, kuma masu kewar tamanin ba su cika ambatonsa ba. Fim ya bar hannun mai sayar da tikiti ya koma hannun maigida, daga nan kuma, da yake maigida yana ofis ko majalisa, ya koma hannun matan gida. Matar da ke cikin kulle, wadda ba ta taɓa taka ƙofar silima ba, ta zama babbar mai kallo. Maƙwabta su taru a ɗakin wadda mijinta ke da bidiyo, yara su cika ƙasa, a yi ta addu'ar kada NEPA ta ɗauke wuta kafin jarumi ya gano mahaifiyarsa. Duk wanda ya fahimci wannan ya fahimci dalilin da ya sa fim ɗin Hausa, da ya zo, ya zo da zancen aure da kishiya da uwar miji. Masu kallonsa sun riga shi zama, shekara goma suna jira.

To me aka kalla? A nan ne ƙwaƙwalwar mutanenmu take yin zaɓe. Ka tambayi ɗaya daga cikinsu a gaban jama'a, zai ce Magana Jari Ce. Ka bar shi ya sake a cikin abokai, sai ka ji Disco Dancer na 1982, da yadda aka sa wa jitar Mithun wutar lantarki ta kashe mahaifiyarsa a maimakonsa. Sai ka ji Coolie na 1983, inda Amitabh Bachchan ya fito a Iqbal, ɗan dako Musulmi a tashar jirgin ƙasa, da lambarsa 786 a damtse da shahonsa, fim ɗin da ya kusa mutuwa wurin ɗaukarsa har aka tsayar da hoton a daidai inda ya ji ciwon don masu kallo su gani. Sai Mard na 1985, wanda nake ganin ba a banza ya shiga ran mutanen ƙasar hawan doki irin tamu ba, domin jarumin da dokinsa da karensa ne suke fafatawa da Turawan mulki. Sai Mogambo na Mr. India a 1987, sai tantabarar da ke kai wasiƙa a Maine Pyar Kiya a 1989. Sholay da Amar Akbar Anthony kuwa, ko da yake na shekarun 1970 ne, a kaset aka yi musu haddar da ta sa har yau akwai dattijon da zai kawo maka su daga farko har ƙarshe alhali bai san kalma goma ta Indiyanci ba. Dharmendra har sarauta aka ba shi, Sarkin Ƙarfi. Samari kuma suna da nasu: Bruce Lee da Jackie Chan, Rambo da Commando, da dokar da kowane yaro ya sani cewa akta ba ya mutuwa sai ya gama da bos.

Ban kawo wannan jeri don in kunyata kowa ba. Son da Bahaushe ya yi wa fim ɗin Indiya yana da dalili mai kyau. Ya ga mutane masu rawani da doguwar riga da mayafi, masu durƙusa wa iyaye, masu fama da auren dole da ratar da ke tsakanin mai kuɗi da talaka, masu soyayyar da ba ta kai ga abin da za a rufe wa yaro ido. Fim ɗin Amurka bai ba shi wannan ba. Har masu bege sun ɗauki karin waƙoƙin Indiya suka ɗora yabon Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, a kai da bandiri, marubutan littattafan soyayya da suka ɓullo a wannan zamani su ma sun sha daga wannan ƙorama. Abin da nake ƙi shi ne mutum ya shayar da ɗansa abu shekara goma sha biyar, sannan ya tashi yana salati don ya ji ƙanshinsa a bakin yaron.

Sai mu zo kan tambayar da ta fi zafi. A wannan zamani da ake ta yabo, me masu ilimi da masu kuɗin Arewa suka yi domin a sami fim na Hausa?

An fara da ƙafar dama. A 1976 Adamu Halilu ya yi Shaihu Umar daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Umaru Ladan a matsayin Shaihun, fim na silima sosai, da Hausa, wanda ba za a ji kunyar nuna shi ko'ina a duniya ba. A 1979 aka kafa Hukumar Finafinai ta Nijeriya, wadda ta zauna a Jos. Amma kusan duk abin da aka yi a Arewa da kuɗin gwamnati aka yi shi, kuma abin gwamnati yakan mutu ranar da baitulmali ya yi tari. Ya kuwa yi. Farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka shiga tsuke bakin aljihu, sannan a 1986 gwamnatin Babangida ta kawo SAP. Naira da ta fi dala daraja a 1980 ta koma wajen huɗu a dala ɗaya a 1987, ta doshi takwas a 1990. Fim na silima kuwa komai nasa daga waje yake: faifan da ake ɗauka a kai, da sinadarin wanke shi, sau da yawa har wankin kansa sai an kai Landan. Abin da ya fito bayan haka ana iya ƙirga shi da yatsun hannu ɗaya: Maitatsine na Sule Umar da Ruwan Bagaja na Ramalan Nuhu a ƙarshen shekarun, sai Ƙasarmu Ce na Saddik Ɓalewa da Kulɓa Na Ɓarna na Brendan Shehu a farkon shekarun 1990. Mutum nawa ne a Sandamu ko Mai'aduwa suka taɓa ganin ɗaya daga cikinsu?

Za a ce ai SAP kowa ta taɓa. Haka ne, amma a dubi Yarabawa. Masu wasan kwaikwayonsu ba su jira ma'aikatar yaɗa labarai ba. Hubert Ogunde ya yi Aiye a 1979, Ade Love ya yi Taxi Driver a 1983, suna ɗaukar faifansu a mota gari gari, suna kama zauren taro suna karɓar kuɗin ƙofa da hannunsu. Baba Sala ya ci bashi ya yi Orun Mooru a 1982, masu satar fasaha suka kwafe shi a kaset suka durƙusar da shi, amma sana'ar ba ta mutu ba, domin akwai 'yan kasuwa da masu kallo da suka ɗauke ta sana'a. A wajenmu attajiri zai sayi tirela goma, ya gina gidan mai, ya ƙara aure, amma a ce ya sa sisinsa a fim, sai ya ce me za a ce da shi a masallaci. Ɗan boko kuma yana ganin wasan kwaikwayo aikin wanda bai ci jarrabawa ba ne. Da daddare kuwa dukansu biyu suna gaban Amitabh.

Abin da ya fi nuna girman wannan sakaci shi ne Sarraounia. A 1986 Med Hondo, mutumin Muritaniya, ya yi fim a kan Sarauniya Mangu ta Lugu a ƙasar Arewa ta Nijar, wadda ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a 1899, rundunar Faransa da ta ƙone Birnin Ƙonni ta bi ƙasar Hausa da kisa har ta watse a wajen Maijirgi, can arewa da mu. Littafin da aka ɗauko labarin na Abdoulaye Mamani ne, ɗan Nijar. Fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Amma a Burkina Faso aka ɗauke shi, kuma yawancin maganar da ke cikinsa ba da Hausa ba ce. Ga babban fim na wancan zamani a kan jarumar ƙasar Hausa, an yi shi babu mu, kuma ina shakkar ko ɗaya cikin ɗari na masu cewa fim ya ƙare a tamanin ya taɓa jin sunansa. A shekarar da ya ci kyautar ne Yeelen na Souleymane Cissé ɗan Mali ya sami lambar alƙalai a Kan ta Faransa. Ƙasashen da ba su kai mu arziki ba suna kai harsunansu gaban duniya, mu muna murnar samun Jihar Katsina muna rabon kujeru.

Waɗanda suka ɗauki abin da manya suka yar su ne yaran ƙungiyoyin wasan kwaikwayo da na kareti a unguwannin Kano. Kyamarar bidiyo ta kafaɗa ta yi araha a tsakiyar shekarun 1980, aka fara ganin mai bidiyo a wurin biki da suna da naɗin sarauta. Wanda ya iya ɗaukar kamu da budar kai, wata rana zai ce bari ya gwada ɗaukar labari. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, shekara biyu kafin Living in Bondage da ake cewa shi ya haifi Nollywood. Ba su da makarantar koyon fim, ba su da bashin banki, ba su da wani farfesa da ya zauna ya gyara musu labari. Malaminsu ɗaya ne, shi ne kaset ɗin da suka tashi suna kallo a gidajen yayyensu da iyayensu. Da suka gane cewa fim mai waƙa ya fi saurin fita a kasuwa, musamman bayan Sangaya a 1999, sai suka bi kasuwa, kamar yadda kowane mai sana'ar da ba shi da jari zai yi. Masu sayen kuwa su ne matan nan da aka zaunar a gaban Indiya tun 1982, da 'ya'yansu.

Kada a ɗauka ina cewa Kannywood ba ta da aibu. Tana da shi jingim: labarin da ake rubutawa a bayan mota, satar fim ɗin Indiya ɗungurungum har da tsayuwar kyamara, da jahiltar yadda ake magana a fada ko a kotu ko a asibiti. Amma mai suka yana da hakki ne gwargwadon abin da ya bayar. Likitan da ke dariyar yadda ake nuna tiyata a fim ɗin Hausa, sau nawa ya karɓi labari ya duba? Da gwamnatin Buhari, ɗan Daura, ta yi niyyar gina alƙaryar fim ta naira biliyan uku a Ƙofa ta ƙaramar hukumar Bebeji a 2016, malamai suka tashi a kan mumbari, aka janye. Malaman sun faɗi abin da suka yi imani da shi, kuma sun faɗe shi a fili. Waɗanda suka ba ni mamaki su ne masu cewa matsalar 'yan fim rashin horo ce, domin ga wurin horo ya zo, suka yi gum.

Ko Samanjan da ake ta rantsuwa da shi, ina yake? Usman Baba Pategi ya rasu a 2023, Ƙasimu Yero a 2017. Ka nemi cikakken jerin Samanja Mazan Fama, ko Karambana, ko Idon Matambayi na Sakkwato, ko Kuliya Manta Sabo, ka ga abin da za ka samu: gutsattsari a YouTube, hoto yana rawa, murya tana shaƙewa, wanda wani bawan Allah ya ɗauka daga talabijin ɗinsa a gida. A gidajen talabijin da yawa, idan kaset ya yi ƙaranci, sai a ɗauko na wasan kwaikwayo a ɗora ziyarar gwamna a kai. Waɗanda suka yi wannan ma'aikata ne masu digiri, ba 'yan rawa da waƙa ba. Shaihu Umar kansa an daɗe ana ɗaukar ya ɓata, sai a 2016 aka gano faifansa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai, wata cibiya ta Jamus mai suna Arsenal ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Littafin firayim ministanmu, fim ɗinmu, harshenmu, sai da Jamusawa suka sa hannu kafin jikokin Abubakar Tafawa Ɓalewa su iya ganinsa da kyau.

Mu a Daura abin ya fi ciwo, domin muna zaune a kan labarin da kowace masana'antar fim za ta yi kwaɗayinsa. A bar ma maganar Bayajida da macijin Kusugu, wadda kowane ɗan firamare ya sani. A dubi abin da ya biyo baya a cikin gidan: Daurama ta ba mijinta Bagwariya, Bagwariya ta riga ta haihuwa ta sa wa ɗanta Karɓagari, sannan ita ma ta haifi Bawo. Kishi ke nan da gadon sarauta a ɗaki ɗaya, irin abin da Indiyawa za su yi awa uku a kai mu kuma mu yi hayar kaset ɗin sau biyar. A dubi kuma shekaru ɗari da gidan sarautar Haɓe ya yi a waje bayan jihadi, tsakanin Zango da Baure, har zuwa 1906 da aka dawo da Malam Musa kan gadon Daura. Har yau ba a yi wa ɗaya daga cikin waɗannan fim ɗin da za a ajiye kusa da Sarraounia ba, alhali garin ya fitar da shugaban ƙasa sau biyu, da manyan sakatarori da hafsoshi da attajiran da kuɗin fim ɗin ba zai kai na bikin 'yarsu ɗaya ba.

Akwai ma aikin da bai kai wannan tsada ba. A cikin akwatuna da saman kabad na gidajen Daura akwai kaset na hawan Sallah da Sallar Gani da naɗe-naɗen zamanin Sarki Muhammadu Bashar, wanda ya yi sarauta daga 1966 zuwa 2007. A cikinsu akwai fuskokin hakimai da makaɗa da 'yan lifida da suka riga mu gidan gaskiya, da kirarin da wataƙila babu mai iya kawo shi yanzu yadda suka kawo shi. Kaset ɗin bidiyo ba ya son zafi da ƙura, kuma waɗannan sun haura shekara talatin a cikinsu. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera na'urar kunna su, ya daina tun 2016. Abin da ake bukata shi ne ɗaki ɗaya, ko a fada ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke garin, da bidiyo biyu masu aiki, da kwamfuta, da matashi ɗaya da za a riƙa biya albashi ya juye su, a mayar wa kowa da kaset ɗinsa tare da kwafi. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ɗaya za ta iya ɗaukar nauyinsa da abin da take kashewa a liyafar shekara.